Zaɓen itacen baka a ƙasar Zazzau: wanda zai jure hunturu ya kuma jure damina

Aiki biyu masu karo da juna ake ɗora wa itacen baka a lokaci guda. Idan ka ja tsirkiya, gefen da ke fuskantar abin harbi, wato bayan baka, miƙewa yake yi, jijiyoyinsa su ɗame. Gefen da ke fuskantar ƙirjinka kuwa, wato cikin baka, matsewa yake yi. Itacen da ba ya jure ɗamewa zai fashe ta baya, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba. Wanda ba ya jure matsi ba zai karye nan take ba, sai dai ya lanƙwashe ya ƙi komawa daidai, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har kibiya ta koma faɗuwa a gabanka. Duk zancen zaɓen itace a kan waɗannan abubuwa biyu yake.

Shi ya sa tauri kaɗai ba ya yin baka. Ƙirya ta fi kusan kowane itace a dajinmu tauri, da ita ake turmi da taɓarya, gawayinta maƙera suke nema, amma ba ta son lanƙwasa, kuma idan ta tashi karyewa gaba ɗaya take yi. A ɗaya ɓangaren, itacen da Turawan Ingila suka yi suna da shi wajen dogon baka, wanda suke kira yu, bai kai marke ko kusa ba wajen nauyi. Daga jirgin ruwan yaƙinsu Mary Rose da ya nutse a 1545 an tsamo bakuna fiye da 130 na wannan itace. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne yana lanƙwasa sosai ya dawo yadda yake. Ba ya fitowa a nan, don haka kada bidiyon intanet ya sa ka raina abin da ke bayan gari. Halin za ka nema, ba sunan ba.

Sai kuma abin da ya keɓanta da mu. Itace yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya shekara goma da bushewa. Idan laimar iska tana wajen kashi 50 cikin 100, ruwan da ke jikin busasshen itace yakan tsaya a wajen kashi 9, kuma nan ne baka ya fi jin daɗin aiki. A Zariya, cikin Janairu da Fabrairu, laima kan sauka ƙasa da kashi 20, ruwan jikin itace ya koma kashi 4 zuwa 5, ya yi ƙarfi amma ya yi gautsi. A watan Agusta laima kan haura kashi 80, itace ya koma kashi 16 ko fiye, ya yi laushi ya riƙe lanƙwasa. Baka ɗaya ne zai ratsa waɗannan yanayi biyu kowace shekara. Itacen da zai yi a nan sai ya kasance mai jijiya mai yauƙi da ba ta tsinkewa cikin ɗari, kuma mai nauyin da zai hana shi mutuwa cikin damina.

Itatuwan da suka cancanci wahalarka

Dargaza ce ta farko. Masana tsirrai suna kiranta Grewia mollis, kuma danginta ne mafarauta a gabashi da kudancin Afirka suke yin baka da su har yau. Ba babbar bishiya ba ce, yawanci kurmi-kurmi take fitowa a saura, gefen dutse da bakin daji. Za ka gane ta da ganye mai tsawo mai ƙananan haƙora a gefe, bayansa fari-fari mai laushi, fure rawaya, da ɓawo baƙi-baƙi mai kaushi. Idan ka ɓare ɓawon ka murza cikinsa da ruwa zai yi yauƙi, kuma yana sulluɓowa dogo har a yi igiya da shi. Jijiyar itacen doguwa ce, tana lanƙwasa ta dawo, kuma idan an fi ƙarfinta tsagewa take yi a hankali, ba ta fashewa a fuska. Abin nema a jikinta shi ne tohon da ya fito daga kututture bayan an sare uwar ko wuta ta cinye ta. Irin wannan toho yakan tashi a miƙe, da yawa wuri ɗaya, suna rige-rigen neman rana, don haka ba su cika rassa a ƙasa ba. Wanda ya kai kaurin santimita 4 zuwa 6 shi ne daidai. Aibinta biyu: tana ɗan riƙe lanƙwasa cikin damina idan an yi bakan gajere, kuma ƙwaron da ke huda itace yana son ta idan an bar ta da ɓawo.

Ɗunɗu, wato Dichrostachys cinerea, ya fi dargaza nauyi da jure matsi. Shi ne mai ƙaya a ƙarshen ƙananan rassa, mai fure kala biyu, sama ruwan hoda ƙasa rawaya, da 'ya'ya murɗaɗɗu a dunƙule. Manoma ba sa ƙaunarsa don yana yaɗuwa ta saiwa ya cinye saura, saboda haka ba wanda zai hana ka sara idan ka tambaya. Wajensa fari-rawaya ne, zuciyarsa ja mai duhu, kuma wannan haɗi yana da amfani: ka bar farin a bayan baka, jan ya zama ciki. Wahalarsa ita ce samun miƙaƙƙe. Za ka duba gindi da yawa kafin ka ga sanda mai tsawon gaba guda wadda ba ta karkace ba, kuma kowace ƙaya tana barin ɗan ido a jiki. Waɗannan ƙananan idanu ba sa kashe baka muddin ba ka aske su daidai da jiki ta baya ba. Ka bar ɗan tudu a kan kowanne.

Gora sai an ɗan tsaya a kanta, domin ita ce mafi sauƙin samu kuma ita aka fi ɓatawa. Gorar ƙasarmu, Oxytenanthera abyssinica, ta bambanta da manyan gororin kurmi masu faɗin rami: bangonta kauri ne da shi, wani lokaci gindinta kusan a cike yake. Tana fitowa a bakin rafi da gindin duwatsu, ana kuma kawo ta kasuwa don rufi da shinge. Ƙarfinta duk yana cikin fatar waje da abin da ke ƙarƙashinta kaɗan, inda jijiyoyi suka fi cunkushewa. Wanda ya kankare fatar don baka ya yi kyan gani, ko ya goge gaɓoɓin suka yi sumul, ya zubar da abin da ya sayi gorar dominsa. Fata ita ce bayan baka, ba a taɓa ta. Duk ragi daga ciki ake yi.

Shekarun gora suna da muhimmanci fiye da kaurinta, domin gora ba ta ƙara kauri bayan ta fito, ƙarfi kawai take ƙarawa. 'Yar bana kore ce shar, tana da farin gari a jiki da kube a gaɓoɓi, kuma ruwa ce zalla. Idan ta bushe yamushewa take yi. Wadda ta shekara 3 zuwa 5 launinta ya dushe, kuben ya zube, sau da yawa akwai tabo-tabon gansakuka a jikinta, idan ka ƙwanƙwasa ta da bayan adda za ta yi ƙara tsaf. Ita ce ake so. Ka ɗauki kashin ƙasa, ka bar gaɓa biyu na gindi. A sare ta a ƙarshen damina, lokacin da sabbin toho suka riga suka zuƙe abincin da ta tara, don wannan abinci mai zaƙi ne yake jawo ƙwaro. Idan ana so a ƙara tabbatarwa, a danne ta da dutse cikin ruwa mai gudu mako 2 zuwa 3 kafin a shanya. Gora ba ta cika karyewa cikin hunturu ba, wannan babbar falala ce. Rauninta a ciki yake, tana riƙe lanƙwasa, kuma maganinsa gashi ne, za mu zo kansa.

Kanya itace ne mai laushin jijiya da nauyi, tana jure matsi ƙwarai, gara ma ba ta cika damunta ba. Ana samunta a bakin rafi da kan suri. Amma bishiya ce mai 'ya'ya, ba a kayar da ita don baka ɗaya. Ƙaramar da ta fito a inuwar uwa, ko miƙaƙƙen reshe daga wadda mai gona ya riga ya yi niyyar sassabewa, ya isa. Tana saurin tsagewa wajen bushewa, sai an yi mata a hankali.

Magarya da kurna matsakaita ne wajen nauyi, jijiyarsu tana da yauƙi, kuma suna yin baka mai kyau idan an ba su faɗi. Magaryar kura ma haka. Matsalarsu irin ta ɗunɗu ce, ƙaya da karkata. Gwaiba da lemo kuwa mutane ba sa tuna su, alhali kowane yaro da ya taɓa yanke gwafar danƙo ya san gwaiba ba ta karyewa da wasa. A lambunan bakin Galma da Kubanni idan ana rage rassa, tsayayyen tohon gwaiba da ya tashi daga gindi abin roƙo ne.

Marke, bagaruwa da tsamiya suna iya yin baka, amma ba su ne na mai koyo ba. Marke yana da nauyin da ya kusa nutsewa a ruwa, jijiyarsa a sarƙe take, yana dakusar da ƙarfe, kuma yana tsattsagewa idan iska ta buge shi yana ɗanye. Idan ba a sirantar da kawunansa sosai ba, nauyin ya koma dukan hannu maimakon tura kibiya. Aduwa ta fi dacewa da allo da ƙota.

Waɗanda ba sai an ɓata lokaci ba: rimi, kuka, gurjiya, ararraɓi, faru, gawo, maje, ɗinya da melina, duk ba su da nauyin da zai riƙe matsi. Maɗaci da dogon yaro suna da ɗan nauyi amma jijiyarsu gajera ce a sarƙe, karyewa suke yi farat ɗaya. Itacen turare yana murɗewa yana tsagewa tun wajen bushewa. Maɗobiya kuwa a ƙyale ta, an sare ta fiye da kima har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu tun 2017.

Sunan itace yakan canja daga gari zuwa gari, wani lokaci suna ɗaya ya hau itace biyu. Idan kana shakka, ka yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya ka nuna wa tsohon maharbi ko masassaƙi, ko ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Mutanen sarkin baka sun fi kowa sanin inda miƙaƙƙiyar dargaza take, kuma tsofaffin bakunan da suke fitowa da su a hawan Sallah sun cancanci a roƙa a riƙe a duba.

Zaɓen sandar tun tana tsaye

Dargaza biyu a wuri ɗaya, ɗaya ta yi baka ɗaya ta yi itacen girki. Kafin ka ɗaga adda, ka nemi izinin mai gona ko mai unguwa, gandun daji na gwamnati kuma sai da takardar malaman daji. Sannan ka zagaya sandar ka duba ta daga gindi zuwa sama.

Fara da ɓawo. Tsagogin ɓawo suna bin jijiyar da ke ƙarƙashi. Idan sun hau a miƙe, itacen a miƙe yake. Idan suna zagaya jiki suna hawa, itacen murɗaɗɗe ne, kuma bakan da aka yi da shi zai riƙa juya tsirkiya gefe. Murɗar da ba ta wuce kwata ɗin zagaye ba a duk tsawon sandar ana iya zama da ita. Fiye da haka a wuce.

Sai tabon wuta. Kusan kowace shekara ana cinna wa dajinmu wuta, kuma ƙananan itatuwa suna ƙonewa ta gefe ɗaya su warke ta sama, ɓawo ya rufe mataccen wuri. Kumburi mai tsawo a ƙasan sanda, ko wurin da ɓawo ya canja kama, alama ce. Ka yanke sama da shi da taƙi guda. Itacen da ya mutu a tsaye, ko wanda ya kwanta a ƙasa ya sha damina, ba ya yin baka ko da ya yi kyau a ido, domin ruɓa ta riga ta ci jijiyar waje, wadda ita ce za ta zama baya.

Ana bukatar fuska ɗaya mai tsabta daga kai zuwa kai, ba babban ido, ba rauni, ba ramin ƙwaro. Ita ce baya. Ido a ciki ko a tsakiyar mariƙi da sauƙi. Ido a gefen hannun baka, wato sashen da ke tsakanin mariƙi da kai, inda jijiya ta kauce ta zagaye shi, shi ne mafi haɗari. Idan reshe ne mai kwance ka samu ba tsayayyen toho ba, ka yi wa gefen da ke kallon sama alama tun kafin ka sare, don shi ne ya saba ɗaukar ɗamewa, shi zai zama baya. Idan sandar tana da 'yar lanƙwasa guda ɗaya mai laushi, ba aibi ba ne: ka sa ƙusumbin ya kalli ƙirjinka, kawunan su kalli gaba, damina za ta cinye wannan ribar a hankali har bakan ya dawo miƙe. Ka yanke da rarar santimita 15 a kowane kai saboda tsagewa, kuma ka yanko uku ko huɗu, ba ɗaya ba.

Gwaji biyu kafin sassaƙa

Daga ɗaya cikin sandunan da ka yanko za ka fitar da abin gwaji, ka busar da shi da wuri tun da ƙarami ne. Na farko gwajin nauyi. Ka fere guntu mai tsawon santimita 20, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, ka ja layi a kowane santimita 2, ya zama kashi goma. Ka yanke wuyan doguwar robar ruwa, ka cika ta, ka zura guntun a tsaye ka karanta nan take kafin ya jiƙa. Idan kashi 5 ko ƙasa da haka ne suka nutse, itacen bai yi ba. Kashi 6 zuwa 7, zai yi baka mai faɗi. Kashi 8 zuwa 9, zai ɗauki siririn baka mai kusan zagaye irin na maharba. Wanda ya nutse duka yana bukatar gwaji na biyu fiye da kowa, don a nan ne masu gautsi suke ɓuya. Guntun da bai bushe ba zai yi maka ƙarya, ya nuna nauyin da ba nasa ba.

Na biyu gwajin lanƙwasa. Ka tsaga, kada ka yanka da zarto, 'yar falle mai tsawon santimita 50, faɗi 2, kauri milimita 6, fuskar waje tana nan yadda take. Ka ɗora ta a kan bulo biyu masu tazarar santimita 40, fuskar waje tana kallon ƙasa. Ka danna tsakiya ta sauka santimita 3, ka ƙirga goma, ka saki, ka ɗora ta a kan tebur ka ga nawa ta riƙe. Ƙasa da milimita 3, itace ne na kirki. Fiye da 6, cikinsa rago ne, sai an ƙara faɗi da tsawo. Sannan ka ci gaba da dannawa har ta karye, fuskarka a kauce. Wadda ta karye kafin ta sauka santimita 4 a jefar da uwarta. Ka kuma duba bakin karayar: idan ya yi dogayen zaruruwa, ɓangarorin biyu suna riƙe da juna, jijiya ce mai yauƙi. Idan ya gutsure ƙat kamar ɗanyen rogo, wannan itace zai fashe a hannunka ranar da iskar hunturu ta kaɗa. Wannan gwaji ya fi gaskiya idan an yi shi cikin Janairu.

Lokacin sara da busarwa

Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi. Har lokacin ɓawo yana sulluɓewa da hannu ya bar baya sumul ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba, kuma ruwan sama ya ja baya, fumfuna ba za ta kama ba. Idan ka bari sai rani, ɓawo ya manne, dole ka kankare, kuma kowane kuskuren wuƙa a baya wurin karaya ne. Haɗarin saran kaka shi ne hunturu yana tafe cikin makonni, ga itace ɗanye. Waje ya bushe ya tsuke, ciki yana jiƙe bai tsuke ba, sai jiki ya dare.

A ranar da aka sare, kafin a bar daji in da hali, a toshe kawuna biyu da narkakken kakin zuma, ko gam ɗin kafinta, ko fentin mai, har santimita 5 zuwa jiki. A gida a cire ɓawo a shafe bayan da man kaɗanya ko gam mai ruwa-ruwa. Sandar da ta kai santimita 8 a tsaga ta biyu. Ƙarama kuwa a sassaƙe gefen ciki da gizago har a kusa kai tsakiyar ɓargo a hannuwa biyu, a bar mariƙi da kaurinsa. Wannan ragi shi ne yake ba ruwa hanyar fita ta ciki maimakon ya fasa baya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ba karin magana ba ce: a ɗaure sandar da igiya a jikin miƙaƙƙiyar azara ko katako mai kauri, wuri biyar ko shida, baya yana kallon azarar, a sa ɗan tsinke inda ake son turawa. A ajiye ta a kwance a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da taga, sama da ƙasa saboda gara. Kada a sa ta ƙarƙashin rufin kwano, kada rana ta gan ta. Makonni uku na farko, idan iska ta fara bushewa, a lulluɓe ta da buhun algarara.

Sikeli ne yake faɗin ta bushe, ba kalanda ba. A auna kowane mako a rubuta a jikinta. Sandar da ta fara da giram 1,500 za ta iya sauka zuwa wajen 1,050. Idan nauyi ya tsaya mako biyu a jere, ta daidaita da iskar ɗakin. Wadda aka rage tana kaiwa nan cikin mako 6 zuwa 10 a rani. Wadda aka bari da kaurinta da ɓawonta sai ta kusa shekara, kuma ita ce ƙwaro yake samu. Idan ka ga ɗan gari mai laushi a ƙasa da ƙananan ramuka a baya, ta tashi daga aiki.

Katakon kasuwa fa? Mafi yawan abin da ake sayarwa a 'yan katako na Sabon Gari daga kudu yake zuwa, an yanka shi da inji ba tare da bin jijiya ba. Sai wanda layukan jijiyarsa suka tafi a miƙe daga kai zuwa kai a dukkan fuskoki huɗu, kuma da wuya a samu. Ko an samu, a manna masa ƙirgin akuya a baya.

Girman baka gwargwadon itacensa

Auna janka tukuna, daga mariƙi zuwa inda tsirkiya take tsayawa. Ga siririn baka na itace mai nauyi, tsawo ya zama jan sau biyu da rabi, a ƙara santimita 10 saboda hunturu. Mai jan santimita 60 zai yi baka mai 160. Gajerun bakunan maharba da ba su wuce santimita 120 ba suna rayuwa ne don ba a ja su har kunne. Wanda ya ara ya ja irin jan da ya gani a talabijin zai biya.

Ɗunɗu, kanya ko dargaza mai nauyi, don ƙarfin ja na kilo 18 zuwa 22: a fara da faɗin santimita 2.8 da kaurin 2.3 a mariƙi, kauri 1.8 a tsakiyar hannu, kawuna 1.2. Magarya, kurna ko gwaiba: faɗi 4.5 har tsakiyar hannu sannan a sirance zuwa 1.3, kauri daga 1.5 zuwa 1, ciki a shafe ba a zagaye ba. Dalili shi ne zagayayyen ciki yana tara duk matsi a kan siririn layi ɗaya, sai itace mai nauyi ne yake ɗauka. Tsagin gora: faɗi 3 zuwa 3.5, bango aƙalla 1.2, a daidaita yadda gaɓoɓi za su faɗo wuri ɗaya a hannuwa biyu, kuma kada gurbin tsirkiya ya yi nisa da gaɓa, in ba haka ba tsirkiya za ta tsaga ta. Idan ta yi rauni a ɗaura mata wani tsagi mai tsawon santimita 90 ta ciki da jijiya ko zaren fata.

Ka riƙe wannan lissafi yayin kankara: ninka faɗi yana ninka ƙarfi sau biyu, ninka kauri yana ninka shi sau takwas. Milimita ɗaya da ka cire daga ciki ya fi milimita ɗaya da ka cire daga gefe tasiri nesa ba kusa ba. Da fasasshiyar kwalba ko bakin wuƙa a tsaye ake yi, kaɗan-kaɗan, ana ja da sikeli mai ƙugiya, kuma ba a taɓa wuce ƙarfin da ake nufi ko sau ɗaya.

Gashi yana taimakon gora da dargaza. Bayan an kusa gamawa, a ɗaure bakan a azara, a riƙa wuce cikinsa a kan garwashi marar harshe da tazarar taƙi guda, har ya yi launin ƙasa-ƙasa, kamar minti 20 zuwa 30 kowane hannu. Zafi kada ya taɓa baya. A bar shi kwana 4 zuwa 7 ya sake shan laima kafin a lanƙwasa, kuma ba a yin wannan aiki a tsakiyar hunturu.

Abin da itacen yake gaya maka idan ya fara gazawa

Siraran layuka da suka gitta cikin baka, waɗanda farce yake ji, jijiya ce ta murƙushe saboda matsi. Ko wurin ya fi sauran lanƙwasa, ko itacen bai kai nauyin siffar da aka ba shi ba. A rage sauran wuraren su raba aikin, a haƙura da ƙarfin da ya ragu. Ɗan ƙaran "tas" yayin ja, ko ɗan tsinke da ya ɗaga a baya, gargaɗin ƙarshe ne: a sauke tsirkiya, a sa gam, a naɗe da jijiya, in ya sake yi a rataye shi. Lanƙwasar da ta zauna bayan an kwance tsirkiya, idan ba ta wuce santimita 4 ba, ba komai. Ta kai 7 ko 8, ko an sassaƙa itacen bai bushe ba, ko an bar tsirkiya a ɗaure kwana da kwanaki.

Bakan da aka daidaita cikin Agusta zai ƙara ƙarfi da kilo da yawa kafin Janairu, ga gautsi, kuma irinsa ne yake fashewa da sanyin safiya. Wanda aka daidaita cikin Janairu zai yi laushi a damina, amma ba zai ji wa kowa ba. Mafi dacewa a gama daidaitawa a watan Mayu ko farkon Nuwamba, lokacin da laima take tsaka-tsaki. A shafe shi da man kaɗanya haɗe da kakin zuma, kashi uku da ɗaya, a murza da tafin hannu har ya ɗumama, shafi uku a makon farko sannan sau ɗaya a wata. Mai ba ya hana laima shiga, jinkirta ta yake yi. Da damina a rataye baka a kwance sama a ɗakin girki inda hayaƙi yake kaiwa amma zafin murhu ba ya kaiwa. Da hunturu a mayar da shi ƙuryar ɗaki kusa da randa, kuma kafin harbin farko a ja shi rabi-rabi sau ashirin. Tsirkiyar fata ma tana tsukewa cikin ɗari ta ƙara ɗame bakan, don haka a riƙa auna tazararta da mariƙi: dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 14, in ta wuce a sassauta.